Amsar da na jinkirta wata biyu

Ƙannena masu shirin shiga gasar ƙera halittu ta iGEM, ga abin da na ɓata da hannuna lokacin da nake jagorantar ƙungiyar ɗalibai.

Gasar iGEM ta samo asali ne daga wani gajeren kwas a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, kuma a 2004 ƙungiyoyi biyar kacal suka fafata. Tun farko an gina ta a kan karɓa da bayarwa: ka ɗauki gutsuren DNA da wasu suka ajiye a rumbun gasar, ka mayar da naka. Na san wannan sarai. Duk da haka, da wata ƙungiya ta rubuto mana a farkon aiki tana neman mu riƙa gwada kayan juna, sai na danne saƙon. Tsorona biyu ne: kada su sace mana dabara, kuma kada su ga aikinmu bai nuna ba.

Bakteriyar E. coli muke so mu sarrafa ta riƙa ba da koren haske idan ta ci karo da gubar ƙarfe a ruwa, ta hanyar GFP, wani furotin mai fitar da koren haske. Sai da lokaci ya ƙure, saura mako uku a rufe, na ba su amsa.

Nan na tafka kuskure na biyu. Na aika musu zoben DNA ɗinmu, wanda ake kira filasmid, da suna kawai a jikin kwalbar. Ban rubuta maganin da filasmid ɗin ke sa bakteriya ta jure ba, wanda ake sawa a farantin shuka don ya kashe duk wadda ba ta ɗauke shi ba. Namu kuloramfenikol ne, su kuwa suka shuka a faranti mai ampisilin, abin da suka saba da shi. Suka kwana da shi a ma'aunin zafi 37, gari ya waye faranti fes. Suka sake, haka nan. Mako guda ya tafi a kan layi ɗaya da na yi ƙyuyar rubutawa.

Da bakteriyar ta tsiro, sai lambobinsu da namu suka ƙi haɗuwa. Na'urar auna haske ba ta ba da ma'auni tsayayye kamar kilo ko mita. Kowace na'ura da nata lissafin, ya danganta da ƙirarta da yadda aka saita ta. Dubu biyar a wurinmu na iya zama ɗari uku a wurinsu. Wannan matsala ce ta sa iGEM ta fara gwajin haɗin gwiwa tsakanin ɗakunan bincike a 2014, daga baya aka riƙa daidaita na'urori da fuloresin, wani sinadari mai koren haske, domin lambobi su zama abin kwatantawa. Mu ba mu daidaita komai ba, domin ba mu zauna mun yarda a kan tsari ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe. Suka ce bakteriyarmu tana haske ko babu guba a ruwan. Laifi tudu ne, nan take na ɗora wa na'urarsu. Kwana biyu ina gardama, sannan muka gwada da ruwa tsabtatacce a ɗakinmu, sai ga kore. Makunnin DNA da muka sa gaban GFP, wanda guba kaɗai ya kamata ta kunna, yana yoyo, ba ya rufewa gaba ɗaya. Gyaran ba mai wuya ba ne, amma yana son wata guda, mu kuwa kwana tara suka rage.

Don haka ku nemi abokan aiki tun abinku yana ɗanye, lokacin da kuke jin kunyar nuna shi. Duk abin da za ku aika, ku haɗa da taswirar filasmid, da jerin DNA, da sunan magani da adadinsa, da nau'in bakteriya. Kafin kowa ya taɓa na'ura ku rubuta tsarin awo ɗaya, har da samfurin da bai kamata ya yi haske ba. Ku kuma yi maganar wa ya yi me, da yadda za a ambaci kowa, tun ana dariya.

Mu dai mun gabatar da aikin da yoyonsa, kuma sunan waccan ƙungiya na kan allon da ya nuna shi.