Yadda na zaɓi jirgin da nake bi a tafiye-tafiyen aiki

Aikina sayo wa kamfaninmu kaya ne, yadi da kayan waya, shi ya sa yawancin tafiyata Guwanzu ce a Sin sai Dubai, wani lokaci Istanbul. Duk yaron da aka haɗa ni da shi tambayarsa ɗaya ce, Yaya wane jirgi ya fi? Abin da nake ce musu kullum shi ne ka fara duba jiragen da ke tashi daga garinku tukuna, maganar daɗin kujera da abinci ta biyo baya.

Mu a Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce. In jirgin da kake so daga Legas kawai yake tashi, to dole ka yanki tikitin cikin gida daban, ka sauka ka kwashi jakunkuna ka nemi motar da za ta kai ka ɓangaren ƙasashen waje, kuma lokacin hunturu da hazo ke rufe sama a Disamba da Janairu ana iya ɗage tashin jirgin Kano ko a soke shi gaba ɗaya, wancan na Legas kuwa ba ruwansa da kai tunda tikitin ba ɗaya ba ne, ya tashi ya tashi kenan. Shi ya sa na tsaya a kan Ethiopian, daga filin Malam Aminu Kano zuwa Bole a Addis Ababa, daga nan sai Guwanzu, tikiti ɗaya, kayana ban sake ganinsu sai inda zan sauka. EgyptAir ma na bi ta Alƙahira, Qatar kuma ya fara zuwa Kano a 2022. Ba wai na ce nawa ya fi na kowa ba ne, hanyata ce ya dace da ita.

Sai maganar kilo, wadda wallahi ita ce ta fi taɓa aljihun ɗan kasuwa. Yawanci jaka biyu ce mai kilo 23 kowacce a ƙaramar kujera, kuma duk wanda ya taɓa ganin 'yan Kantin Kwari a layin dawowa suna zazzage jaka a ƙasa, ana cire bandir ɗin yadi daga wannan ana cusawa a waccan, ana roƙon na baya ya ɗaukar maka kilo biyar, ya san abin da nake nufi. In ka dage da kamfani ɗaya har katinka na tara makin tafiya ya kai matakin Gold, ana ƙara maka kaya, ka shiga jirgi da wuri, ka samu falon hutawa inda za ka yi alwala ka yi salla a tsanake ka caja waya. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance, don haka lambar ShebaMiles ɗina, wato katin tara maki na Ethiopian, ita ɗaya nake bayarwa ko wanne na hau. Amma fa sai ka tuna wa ejan ɗinka ya saka lambar, kuma sunan da ke katin ya zo daidai da na fasfo, don Muhammad da Mohammed a wajen kwamfuta mutum biyu ne.

Tikiti mai araha sosai ma ina kaffa-kaffa da shi yanzu, makinsa kaɗan ne, kuma in masana'anta ta ce kaya sai an ƙara kwana uku, kuɗin canjin rana sai ya cinye rarar da ka samu har ya ɗora.

Duk da haka ban yarda mutum ya rataya a kan kamfani ɗaya kacokan ba. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024, mutane da yawa da suka saba da shi a hanyar Dubai sai da suka koma neman wata hanya. Ni dai ina da na biyu a cikin ƙawancen nan da na san tsarinsa, kuma lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guwanzu a Afrilu da Oktoba tun da sauran wata biyu nake sa a duba min kujera a duka biyun, don jiragen cika suke yi.