Alhamdulillahi an sallamo mu, ga godiyata gare ku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. An sallamo mu, muna gida ni da yarinya, jiki da sauƙi sosai sai dai gajiya da har yanzu ba ta sake ni ba, rubutun nan ma ina yi ina ajiye wayar ina hutawa. Saƙonninku sun taru sun yi yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba wallahi, shi ya sa na ce bari in haɗa ku gaba ɗaya a nan. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi haƙuri, a lokacin magana ma ƙarfi take ci.

Ba sai na maimaita muku yadda aka yi ba, kun bi komai tun daga daren da aka fita da ni a zaune a bayan mota saboda na kasa kwanciya, har zuwa ranar da aka cire min oksijin. Sunan ciwon dai tunda wasu har yanzu suna tambaya, raunin zuciya ne da yake kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, mace da ƙalau take ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Naman zuciyar ne yake saki kamar tsohuwar robar siket, ta buɗe ta yi girma ta kasa matso jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Da aka yi min hoton zuciya, wannan eko ɗin, sun ce ta mai lafiya tana tura sama da rabin jinin da ke cikinta a duk bugu ɗaya, idan ya yi ƙasa da kashi 45 sai su ce akwai matsala, tawa kashi 28 aka gani. Kumburin ƙafa da hakin da tarin dare da muke ta cewa ai jego ne, ashe duk ita ce take kuka.

Wanda zan fara yi wa godiya bayan Ubangiji, wata likita ce da ban ma riƙe sunanta ba, kuma ba don allura ko magani ba, duk da ta yi wannan ɗin ma. Saboda Inna ne.

Kun san ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, ko haihuwar nan da na yi ba ta ce min sannu a gaban kowa ba sai dai ta aiko ƙanwata da kunu. Amma ita ta tashi tun asuba take hura wuta ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita take dama kunun kanwa, ita ta daka yajin jego da hannunta ta ƙi yarda a sayo na kasuwa. Da ƙafata ta fara kumbura sai aka ce ɗanyen jego ne, ruwan bai shige ni ba, uwar ta yi min sako-sako saboda ni 'yar boko ce, sai Inna ta ƙara zafin ruwa ta ƙara kanwa. Da aka kwantar da ni aka ji ance zuciya ce, bakunan nan dai da suka ce ba ta gasa ni ba su ne suka juya suka ce ita ta dafa min zuciya da ruwan zafi. A barandar asibiti aka faɗa, a kunnenta. Ba ta tanka ba. Ta daina cin abinci dai, ta koma bakin ƙofar ɗakin ta shimfiɗa ɗankwali tana zaune da carbi, ko ciki ba ta son shigowa, ƙanwata ta ce min in dare ya yi sai ta ji tana cewa ni na kashe ta, ni na kashe ta da hannuna.

To wani dare likitar nan ta zo zagaye, ta gama duba ni za ta fita ta ga tsohuwa a rakuɓe, ta tambayi nas wace ce aka gaya mata. Ina jin su ta labule. Ba ta tsaya a kanta ba, durƙusawa ta yi har ƙasa da farar rigarta ta ce Mama ina wuni, ya mai jiki. Inna ta ce 'yar nan ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah, wankan da na yi mata ne ko. Sai ta zauna ta yi mata bayani a tsanake da Hausa tsantsa, irin yadda ba a cika samun mai lokacin yi ba. Ta ce Mama wannan zancen yana da asali, tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu Turawa, Davidson da Parry, suka yi nazari a Zariya suka ga ciwon ya yi yawa a matan Hausawa, kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, yawan da ba a gani a ƙasashen Turai, sai suka ɗora zargin a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara da shekaru haka ake koyar da ɗalibai. Amma daga baya namu likitocin suka sake bin abin, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci wani babban bincike da ake kira PEACE wanda ya tattaro mata daga asibitoci a sassan Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020, kuma bai nuna cewa wanka ko kanwa ne tushen ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne hawan jinin masu ciki, da rama, da halin rashi. Ta ce kuma akwai wani sinadari seleniyom da jiki yake samu daga abinci, an ga yana ƙaranci a jinin masu wannan ciwon, a Kano an gani, a Yamai ma an gani tun da daɗewa. Ta ce Mama akwai matan da ko ruwan ɗumi ba su taɓa ba a Amurka da Afirka ta Kudu kuma ya kama su. 'Yarki jininta ya hau a watan ƙarshe, yana rubuce a katin awonta.

Ba ta yi mata ƙarya don ta ji daɗi ba, wannan ne ya sa na ƙara ganin girmanta. Ta ce kanwa dai gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta raunana kanwa da zafi suna ƙara mata nauyi, don haka daga yau an daina. Amma ke ba ki jawo mata ba, kin yi abin da uwarki ta yi miki ne. Sai na ji Inna ta fashe da kuka, ni tunda nake ban taɓa jin kukanta da sauti ba ko rasuwar Baba. Can sai ga ta ta ɗaga labule ta shigo ta zauna a bakin gadona ta kama ƙafata da ta kumbura tana matsawa, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, ga abin oksijin a hancina. Da safe ta ci ƙosai. Likita, in wannan rubutun ya iso gare ki ko wani ya nuna miki, Allah ya jiƙan iyayenki, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, yadda kika sanyaya zuciyar tsohuwar nan Allah ya sanyaya taki ranar da babu inuwa sai tasa.

Sai Yaya, uwargidanmu. Na san za ta yi min faɗa ta ce me ya sa na saka ta a intanet, to ki yi haƙuri Maman Biyu, yau sai na faɗa. Da jikin ya yi tsanani likitoci suka yanke shawarar ba ni wani magani bromokiriftin, wai akwai binciken da ya nuna sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya rikiɗewa ya cutar da zuciyar mai wannan ciwon, maganin kuma tsayar da nonon yake yi gaba ɗaya, ana haɗa shi da na tsinka jini don kada ya daskare. Ba kowa ake ba ba, sai sun duba. Ranar da aka gaya min zan daina shayarwa na fi kuka a kan ranar da aka ce zuciya ce. Madarar gwangwani kun san kuɗinta yanzu, yarinya kuma da farko ƙin robar ta yi. Yaya tana goyon autanta bai kai yaye ba, da kanta ta je ta sami likitan yara ta ce a yi mata duk gwajin da ake yi, aka yi aka ce ba komai, ta ɗauki 'yata ta haɗa da nata. Biyu take shayarwa ga azumin nafila da ta saba ta ajiye shi, ga girki ga 'yan makaranta. Masu cewa kishiya ba ta da rana, ni dai tawa ta yi min. Allah ya raya miki zuri'a Yaya, Allah ya kai ki ɗakinsa, Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Abban yara ba zan ce komai ba don ba a gode wa mutum a kan nasa, amma babur ɗin da aka daina gani a ƙofar gida na san inda ya tafi. Allah ya mayar da mafi alheri. Kuma da likita ta zaunar da mu ta ce babu maganar wani ciki sai an ga zuciya ta dawo daidai, don in aka yi ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba ana iya rasa uwar, bai ko bari ta ƙarasa ba ya ce a saka mata abin da ya dace yau ɗin nan. An saka min ashanar fata ta tazarar haihuwa kafin mu fito. Na faɗa a fili ne don masu fara lissafin yaushe za a yi wa yarinya ƙane su huta.

Nas ɗin dare mai tabarau da take jera min filo uku a baya tana ce min ƙanwata numfasa a hankali ina nan, mai shara da take ɗebo wa Inna ruwan alwala, maƙocinmu mai shagon ɗinki da ya fito da mota cikin dare ko takalmi bai tsaya sakawa ba, malaman makarantarmu da suka yi karo-karo aka sayi maganin sati biyun farko, 'yan ajinmu na Islamiyya da suka sauke Alƙur'ani, Kawuna na Gusau da ya baro kasuwarsa ya zo ya kwana a masallacin asibiti, wata baiwar Allah da gadonta ke kusa da nawa, irin ciwonmu ɗaya, daga ƙauye aka kawo ta a makare, ita ce take ba ni haƙuri alhali ta fi ni jin jiki. Ita ba ta fito ba. Ku saka ta a addu'a don Allah, ta bar jariri namiji. Allah ya gafarta mata ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Akwai kuma waɗanda gidansu bai kai kuɗin adaidaita ɗaya zuwa asibitin ba, ranar suna su ne a gaba wajen rabon nama, amma ko leƙe. Wasu sun zo sau ɗaya, abin da suka zo da shi kuwa maganar da ta hana Inna cin abinci. Ba komai, na yafe, zumunci ya fi ƙarfin wannan. Na dai gani.

Kafin a sallame ni sun kawo takarda sun nemi izini a saka bayanaina cikin waɗanda ake bibiya don nazari, suka ce ba dole ba ne kuma ko na ƙi ba abin da zai canza a kulawar da ake min. Na sa hannu da gudu. In ba don matan da suka yarda aka rubuta nasu a baya ba, da me likitar nan za ta gaya wa Inna a daren nan? Masu turo min saƙo a ɓoye suna cewa su ma ƙafarsu ta kumbura bayan haihuwa suna haki in sun kwanta, don Allah ni ba likita ba ce, kar ku tambaye ni sunan ƙwaya, ku je a yi muku hoton zuciya. Ni ma wani mai kemis sanyi ya ce min ya ba ni maganin tari.

Yanzu ina kan magunguna safe da dare, na fitsari da na rage gudun zuciya da sauransu, gishiri kaɗan, maggi kusan babu, abinci duk salam amma ana ci. Ana auna nauyina kullum da safe don a gane in ruwa ya fara taruwa. Sun ce da yawa zuciyar tana dawowa cikin wata shida, wasu ta fi haka, wasu kuma sai dai a ci gaba da lallaɓawa, za a sake eko ɗin a ga inda tawa ta dosa. Ku ci gaba da addu'a, kar ku gaji. Allah ya saka wa kowa da alheri, wanda ya ba da kuɗi da wanda ya ba da ƙarfin jikinsa wajen zirga-zirga da wanda bakinsa kawai ya motsa ya ce Allah ya ba ta lafiya, Allah ya biya muku buƙatunku, ya ba marasa lafiyarku lafiya, masu ciki Allah ya sauke ku lafiya ya raba ku da irin wannan, masu nema Allah ya ba su masu albarka.

Masu son zuwa dubiya bismillah amma bayan la'asar don Allah, da safe barci nake ramawa. Kuma kar a zo min da kunun kanwa, Inna ta ce duk wanda ya shigo da shi ita za ta tare shi a zaure.