Yadda ake kamo sababbin waƙoƙin rege da dansihol daga Kaduna

Ka miƙa wa mai turin waƙoƙi memori a Kasuwar Sheikh Gumi ka ce ya zuba maka rege, an san abin da za ka koma gida da shi: Bob Marley, Lucky Dube, Majek Fashek, ƙila da Ras Kimono. Duk manya ne, amma kundin ya daɗe da tsayawa. Mai son jin abin da ya fito a Kingston, babban birnin Jamaika, makon jiya sai ya san yadda mutanen can suke sakin waƙa, don tsarinsu daban ne da na Legas ko Kano.

A Jamaika mai haɗa kiɗa ne uban tafiya. Yakan yi kiɗa guda, wanda suke kira ridim, ya raba wa mawaƙa biyar ko goma ko fiye, kowa ya ɗora tasa a kai. Sleng Teng, wanda King Jammy ya fitar a 1985 daga wani ɗan fiyanon lantarki mai suna Casio MT-40, an yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa. Diwali na Lenky Marsden kuwa, a 2002, a kansa Sean Paul da Wayne Wonder suka yi waƙoƙin da suka zaga duniya. Saboda haka in waƙa ta kama ka, kar ka tsaya a sunan mawaƙin. Buɗe bayanin da ke ƙasan bidiyon a YouTube, ko inda Spotify ke jera waɗanda suka yi aikin, ka ciro sunan kiɗan da na mai haɗa shi. Sai ka rubuta sunan kiɗan a wurin bincike, ka biyo shi da kalmar riddim, yadda suke rubuta ridim da Turanci. Waƙa ɗaya za ta jawo maka goma, kuma a tsakiyarsu ake tsintar yaran da ba a kai ga sani ba, don masu kiɗa sukan saƙala sabon mawaƙi cikin manya. Daga nan shafin mai kiɗan za ka riƙa bi. A ganina ya fi bin mawaƙa ashirin amfani.

Lokaci ma abin lura ne. Tun Yulin 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sabo, kuma Jamaika tana bayanmu da awa shida. Abin da aka ɗora da ƙarfe shida na yamma a can, sha biyun dare ya same mu, don haka safiyar Asabar ta fi dacewa da dubawa. Kiɗan soka na Tirinidad shi na kaka ne: yana zubowa daga ƙarshen shekara har zuwa bikin kanibal, Litinin da Talata kafin Larabar Toka. Wanda ba ya da lokacin tono, Reggae Gold da Strictly the Best, tarin waƙoƙin da kamfanin VP Records ke fitarwa, sun ishe shi sanin inda aka kwana.

Inda ake yawan cin tuntuɓe shi ne tsohuwar waƙa da aka canza wa hoto aka rubuta mata sabuwar shekara. A bidiyon da kamfani ya ɗora da kansa akwai alamar ℗ da shekara a ƙasa. Ita za ka duba, ba ranar ɗorawa ba. Wasu kuma sukan ƙara wa waƙa gudu don kauce wa na'urar kama satar fasaha, sai muryar ta siranta, ganga ta yi rawa.

Sai batun baki. Yawancin waƙoƙin dansihol, salon da ya samo asali daga rege, iri biyu suke fitowa, mai alamar clean (tacacciya) da mai alamar raw (wadda ba a tace ba), kuma Patwa, yaren mutanen Jamaika, yakan ɓoye batsa ga wanda kunnensa bai saba ba. Kafin ka saka a shago a Kawo, ko a Keke mai ɗauke da iyaye mata, ka tabbatar ta farkon ce. A Oktoban 2022 hukumar kula da gidajen rediyon Jamaika ta hana sa waƙoƙin da ke yabon damfara, ƙwaya da bindiga, shi ya sa abin da ka ji a Irie FM, da ke Ocho Rios kuma ake kamawa ta intanet, ya riga ya sha tacewa.

Data kuwa lissafinta a fili yake. Sauti mai ƙarfin 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti) yana cin kusan MB ɗaya a minti, mai 320 kusan biyu da rabi, wato haɗin waƙoƙi na awa guda ya tashi daga wajen MB 58 zuwa 144. Bidiyo ya ninka haka, gara a sauke sauti zalla a Audiomack da datar dare. Kuma kar a yanke wa sabon ridim hukunci da sifikar waya, don ba ta iya fitar da kaurin bas, alhali rabin aikin mai kiɗan a nan yake. Abin sa wa a kunne ko 'yar sifikar Bluetooth mai ɗan girma ta wadatar.