Wasiƙa daga Bradford: Iya ba mayya ba ce, ciwo ne ya kama ta

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin hunturu?

Daga Bradford nake rubuto muku, a arewacin Ingila, cikin Disamba, lokacin da magariba ke yi kafin ƙarfe huɗu. A Zariya kun san ni da alli a hannu, shekara 11 ina koyarwa a firamare. Yanzu a gidan kula da tsofaffi nake aiki, awa 12 a tsaye: in yi musu wanka, in canza musu famfas, in ba su abinci a baki. Na daɗe ina ɓoyewa, in an tambaye ni a waya sai in ce aikin asibiti ne. Yau na faɗa da bakina, kuma ba na jin kunyarsa.

Bizata ta fito ne bayan 11 ga Maris 2024, ranar da Birtaniya ta hana masu irin aikinmu tahowa da iyali. Yarana biyu suna Tudun Wada wurin mahaifiyata. Na yi watanni ina kuka, ina lissafin da na gama takarduna da wuri da yanzu muna tare. Mama ce ta tsawata mini: da na sani ƙeya ce, ki riƙe abin da Allah ya ba ki da hannu biyu. Kewar tana nan, amma na daina faɗa da ita.

Na zo da yaƙinin cewa Turawa jefar da iyayensu suke yi. Akwai tsofaffin da ba mai leƙo su, wannan gaskiya ne, yana kuma ci mini rai. To amma akwai wata mata, ita ma ta haura 60, da ke hawo bas kullum ta zo ta taje wa uwarta kai, uwar kuwa ba ta ma gane ta. Shekara biyar ta riƙe ta a gida, har daren da aka tsinto tsohuwar a titi da rigar barci cikin sanyi. A wurare da yawa kuɗin zama a gidan tsofaffi ya wuce fam 1,000 a mako, wasu sai sun sayar da gidan gado. Ranar da matar nan ta ba ni labarinta na ji nauyin zagin da na yi shekaru ina yi wa irinta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne kakata, Iya, Allah ya ji ƙanta. Da tsufa ya kama ta, ta riƙa cewa mun sace mata kuɗi, tana buɗe ƙofa da tsakar dare wai za ta garinsu. Maƙwabta suka fara raɗa, wasu su ce sammu, wasu su ce maita ce take tona kanta. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, daga ƙarshe muka sa wa ɗakinta kwaɗo. Kullum sai ta tambayi Malam, mijinta. Ni kuma in ɗaga murya: "Iya, ai na faɗa miki ya rasu!" Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata rasuwar. Sau nawa na sa ta wannan kukan? Allah kaɗai ya sani.

A nan na koyi cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ke mutuwa a hankali, kuma nau'in da ya fi yawa shi ake kira Alzheimer. Kusan mutum miliyan ɗaya ke fama da gigin tsufa a Birtaniya. Abin ɗazu ne ke fara gogewa, na ƙuruciya ya daɗe, shi ya sa Iya ta manta ta ci tuwo amma ba ta manta waƙoƙin ɗaurin aurenta ba. Ruɗewar takan ƙaru da yamma. Ba ya warkewa, amma akwai magani da ke sassauta wa wasu. An koya mana kada mu yi musu da su. In tsohuwa ta nemi mijinta da ya mutu, sai in zauna in ce ta ba ni labarinsa, nan da nan fuskarta ta washe.

Da na faɗi haka a zauren WhatsApp na gidanmu, wani kawuna ya ce na zama Baturiya. Kawu, Allah ya ja da ranka, imanina yana inda ka san shi. Har gobe ina ganin tsoho ya fi dacewa da cikin jikokinsa, in akwai hannun da zai iya. Amma ko Imamu Shafi'i da ya bar Iraƙi ya koma Masar ya sauya fatawoyi da dama, ba wanda ya ce ya bar hanya. Ni abin da na sauya bai kai nan ba: na yarda mun yi wa Iya kuskure cikin rashin sani.

In akwai mai irin halinta a gidanku, don Allah a cire kwaɗon nan. A kai ta asibiti, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, ga na Dawanau a Kano. A ci gaba da addu'a, a kuma riƙa karɓar mai jinya, domin mace ɗaya ba za ta iya dare da rana ba.

Yau aikin dare gare ni. Akwai wata 'yar shekara 91 da ke tashi wajen ƙarfe uku tana neman mamanta, zan haɗa mata shayi mu zauna. A shafa mini kan yara.

'Yar uwarku a Bradford