Muryoyin da Na Jiyo a Wusasa

Daga Jos zuwa Zariya ba abin labari, ban da ramukan da ke tsakanin Saminaka da Pambeguwa, da wani mai kaki a shinge da ya zazzage jakata a bakin titi, ya ga littafin waƙa da rigar biki, ya tafi ko sannu babu. A Kwangila mai keke ya ji Hausata ta Jos ya ninka kuɗi. Na ce masa a Tamina ma ba a yi mana haka. Ya yi dariya ya rage rabi, har ya riƙe mini jaka. Mutanen Zazzau ko za su tsuga maka kuɗi da ladabi suke yi, abin da masu kekenmu ba su koya ba.

Bikin ɗan Gwaggona ya kai ni Wusasa. Na isa da yamma, ta ce, "Ɗana, wanke hannu tukuna, gaisuwa ta jira." Tuwon masara da miyar kuka, ga man shanu, ta tsaya a kaina sai da na ƙara.

Ina cikin ci matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'a, suka fara shigowa tsakar gida don koyon waƙar godiya. Ba makirufo, ba lasifika, sai tulu ɗaya da ake buga bakinsa da tafin hannu, da gora mai duwatsu. Wata tsohuwa da ta shigo da sanda ta ba da waƙa, saura suka amsa. Na ajiye lomar da ke hannuna. Muryar ta tsufa, tana rawa a ƙarshen baiti, amma daga ciki take fitowa, kuma kowace kalma ta fita sarai: abin da Yesu ya yi mata take faɗa, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Da amshi ya yi zafi wata ta rangaɗa guɗa, tsigar jikina ta tashi. A jere ɗaya akwai mai zaƙin murya, akwai wadda tata ta dushe, ba wadda ta yi shiru don kunya.

Ni ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. A majami'armu mun tara kuɗi mun sayi jita da ganguna da manyan lasifikoki, yanzu mutum shida ke waƙa a gaba, ikilisiya na kallo, wasu na motsa leɓe kawai. In ka ɗaga murya ma ba ka jin kanka. Zabura ta 150 ta lissafa ƙaho da molo da kuge, ban ƙi ba, amma da mai numfashi ta rufe, shi aka ce ya yabi Ubangiji.

Da safe, kafin ɗaurin aure, wani dattijo ya zaga da ni tsohuwar majami'ar St. Bartholomew. Ginin ƙasa ne irin na Hausa, bango mai kauri, rufi a kan bakan gizo, ciki da sanyi ko da rana. A 1929 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglika, suka taso daga cikin birni zuwa nan, bayan shekarun da Likita Miller ya yi yana aiki a Zariya, shi da ya sha wahalar fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A wannan unguwa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Dattijon ya ce, "Malam, ja baiti ɗaya ka ji." Na ja a hankali, ɗakin ya cika. Maginan sun yi aikinsu ne don muryar mutum, tun ba a san lasifika ba.

Ran Lahadi akwai kayan kiɗa a sujada, amma da aka zo baiko, wato ba da kyauta ga majami'a, mata suka taso da rawa, jama'a suka danne su da murya. Na yi waƙa har maƙogwarona ya dushe, Gwaggo ta jiƙa mini citta da zuma.

Dutsen Kufena daga nesa na hango shi, lokaci bai bar ni na hau ba. A Sabon Gari atamfa ta fi ta Jos sauƙi, dankalin Turawa kuwa tsadarsa ta ba ni haushi. Litinin da sassafe na kama motar gida, muryata ba ta dawo ba sai Laraba.