Shekara uku ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba tawa ba

Ƙannena masu rubutu, bari in ba ku labarin wautata ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗin datarsa.

Lokacin da na gama haɗa gajerun labaraina na Turanci guda tara (yanzu ko ni ba na iya karanta su don kunya), duk inda na ga an ce tallafi ga marubuta baƙar fata sai in ce ai da ni ake, ni da ko a gidanmu na fi kowa baƙi. Sai in tafi kafe in biya kuɗin awa ɗaya in yi ta turawa, ko sharuɗɗan ba na tsayawa dubawa, wai kar lokaci ya ƙare.

Ta farko da na nufa gasar Caine ce ta gajerun labaran marubutan Afirka, wadda aka fara a 2000, fam 10,000 ake ba wanda ya ci, kuma na ji Helon Habila ya cinye a 2001 shi ne na ce to ni mai zai hana. Na tura labarina da kaina, ba a taɓa buga shi ko'ina ba, kalmominsa ko 3,000 ba su kai ba. Alhali ƙa'idarsu a fili take, sai labarin da aka riga aka wallafa, mawallafin ne zai tura ba kai ba, kuma kar ya gaza kalma 3,000. Wata biyar ina duba imel safe da yamma, har na fara faɗa wa abokai ai Turawa ba sa son ɗan Arewa. Wallahi babu wanda ya zalunce ni, ni ne ban karanta ba.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne kowace gidauniya da ciwon da ya sa aka kafa ta. Gidauniyar Hurston/Wright da ke Washington, Marita Golden da Clyde McElvene suka kafa ta a 1990, suka sa mata sunan marubuta baƙar fata biyu na Amurka, Zora Neale Hurston da Richard Wright. Ita Zora ɗin nan da duk girman alƙalaminta a cikin talauci ta rasu a 1960, kabarinta ko alama babu, sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je Fulorida ta nemo wurin ta sa dutse. To ka ga mutanen da suka ga irin wannan, so suke kar a sake mantawa da marubucinsu. Gidauniyar Cave Canem kuma, wadda Toi Derricotte da Cornelius Eady suka kafa a 1996, ta masu rubuta waƙe ce, waɗanda suka gaji da zama su kaɗai baƙaƙe a ajin koyon rubutu a Amurka. Ni kuwa da ko baiti ɗaya ban taɓa rubutawa ba har da ni a masu leƙe! Ba wai ɗan Afirka ba ya samu ba ne, Chimamanda Adichie ta karɓi lambar Hurston/Wright a 2004 da Purple Hibiscus, amma da littafi bugagge a hannu ta samu, ba da fayil a filash ba.

Mafi ciwo, wani a gurup ɗinmu na WhatsApp ya ce shi wakili ne, yana da hanya a waje, in kawo dubu goma sha biyar kuɗin fom. Kuɗin adashen mamata na ranta. Bayan kwana biyu ya toshe ni. Har yau in ta tuna sai ta ce, Malam marubuci, ina dalolin namu?

Duk wannan wahalar, ga gasar gajerun labarai ta Commonwealth nan kyauta, ko sisi ba a biya, labarin da ba a buga ba suke so, kalma 2,000 zuwa 5,000, ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba, Najeriya da Ghana da Kamaru duk muna ciki. Daidai da ni kenan, amma raina ta na yi wai kuɗin bai kai na Caine ba. Ga Ebedi a Iseyin ta jihar Oyo, gidan da Wale Okediran ya buɗe marubuci ya je ya zauna ya yi aikinsa, mota kawai zan hau. Ƴan mata masu rubutun Hausa ku kuma ga gasar Hikayata ta BBC tun 2016, da harshenku ba sai kun fassara komai ba.

Tallafin Miles Morland ma da kowa ke wa kwaɗayi saboda fam 18,000, sharaɗinsa duk wata ka kawo sabbin kalmomi 10,000 har shekara ta cika. Kafin ka cike fom gwada kanka wata ɗaya tukuna. Ni da na gwada a 3,700 na tsaya, ga Nepa ga hayaniyar yara ga kuma ragwancina, wanda shi ne babba.

Yanzu in na ga sanarwa sai na kwafe sharuɗɗan da biro a bayan littafin lissafin shago, layi-layi, in karanta wa matata da ƙarfi. Makon jiya a layi na biyu ta tsayar da ni, ta ce wannan ai sai mazaunin Birtaniya, rufe ka zo ka ci tuwo.