Kwallin Inna ya je Jodan

Ranar da na je yi wa Inna sallama a Gusau, tana zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke kuma wace irin tafiya ce wannan? Mutane na zuwa Jodan ziyarar kaburburan sahabbai, ke za ki je awon ƙasa?" Na ce, "Inna, har kwallinki zan auna in kin sam mini." Ta yi dariya, ta aiki ƙanwata ta ɗauko mata tandu, ta karkaɗe mini ɗan kaɗan a takarda, ta ƙulle. Shi na sa a jaka tare da ƙananan kwalabe na ƙasar da muka ɗebo a tsakar gidajen da ake niƙan duwatsun zinare, da takardun izinin fita da su.

Ta Alƙahira muka bi. Na sauka filin jirgin Sarauniya Alia da asuba, cikin wani sanyin da ya fi na hunturun gida shiga ƙashi. Daga Amman mota ta nausa da mu arewa maso yamma, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai, hawa da gangara tsakanin duwatsu da gonakin zaitun, har wani ƙauye mai suna Allan a lardin Balƙa, kusa da tsohon garin Salt. A nan cibiyar binciken kimiyya ta SESAME take. In ba a gaya maka ba, sai ka ɗauka wata kwaleji ce: farin gini mai faɗi a kan tudu, ba hayaniya, ba hayaƙi.

Abin da ke cikinta zobe ne mai zagayen mita 133, a bayan katangar kankare mai kauri. Ana harba ƙwayoyin lantarki cikin bututun da aka zuƙe wa iska, suna gudu dab da saurin haske, suna kewaya zoben fiye da sau miliyan 2 a sakan ɗaya. Manyan maganaɗisu 16 ne ke tanƙwara musu hanya, kuma duk inda aka tilasta musu yin kwana sai su fesa haske, tun daga wanda ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, har zuwa eksire mai tsananin ƙarfi. Wannan hasken ake janyowa ta bututu zuwa ɗakunan gwaji. Shi kaɗai na zo nema tun daga Zamfara.

A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukanmu, Dareta da 'Yargalma da Bagega da makwabtansu, saboda gubar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙa a gidaje. Ma'aikatan agajin da suka zo sun riƙa yawo da wata ƙaramar na'urar hannu, a ɗora ta kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin, kuma ta yi aiki matuƙa. Sai dai yawan kawai take faɗi. Ba ta gaya maka da wane sinadari dalmar ta ƙulla aure, alhali nan ne maganar take. Dalmar da ke haɗe da kibiritu, wato baƙin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira galina, ba ta saurin narkewa a cikin ɗan'adam. Amma in ruwa da iska suka daɗe suna cinta, sai ta rikiɗe ta koma farar dalma mai kabonet, wadda ruwan tsamin ciki ke narkarwa cikin sauƙi ta wuce jini. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka duba duwatsun Zamfara sun sami wannan nau'in mai narkewa da yawa a cikinsu. Ke nan gida biyu na iya nuna lamba ɗaya a na'urar hannu, amma haɗarin ɗaya ya ninka na ɗayan. Duk mai son sanin gidan da za a fara kwashe wa ƙasa yana bukatar wannan amsar.

Abokiyar aikina 'yar Masar ce, da sunan jami'arsu muka nemi gurbi, aka ba mu 'yan kwanaki. Ranar farko a niƙa ta ƙare. Za a daka ƙasar a ɗan turmin dutse har ta fi garin tuwo laushi, a gauraya da wani farin gari da eksire ke ratsawa ba tare da ya tare shi ba, a matse da inji ta fito kamar ƙwayar magani mai faɗin farcen babban yatsa, a manna ta da wani salatif ruwan ɗorawa. Kwallin Inna ne ya fi daɗin niƙa. Yana ɓarewa yana walƙiya a gindin turmin, ya baƙanta mini safar hannu, ni kuwa ina tuno yadda take ɗaga haɓar kowane jariri a gidanmu ta zizara masa shi tana sa albarka.

Kafin a saki hasken, dole mutum ya zaga ɗakin gwajin ya tabbatar ba kowa, yana danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, jiniya na kuka, sannan ya turo ƙofa mai nauyin gaske. Na tambayi ma'aikacin wurin abin da ya sa take da nauyi haka. Ya ce, "Dakta, dalma ce a ciki." Abin ya tsaya mini a rai. Ƙarfen da ya cinye mana yara shi ne a nan yake tsare mu daga hasken.

Daga nan sai zaman jira gaban kwamfuta. Wasu lu'ulu'un silikon guda biyu ne ke tace hasken, suna ƙara masa ƙarfi taki-taki. Layin da ke kan allo yana tafiya a kwance, a kwance, har ƙarfin ya ɗan haura bolt dubu 13 na ma'aunin lantarki, sai ya zabura sama lokaci ɗaya, domin nan ne dalma ke fara haɗiye hasken. Bayan wannan tsallen sai layin ya shiga 'yar rawa, tudu da kwari, kuma wannan rawar ce sawun maƙwabtan dalmar: ta mai kibiritu daban, ta mai kabonet daban. Wajen ƙarfe biyun dare muka sa kwallin Inna. Muka ɗora layinsa kan na galinar da aka sani, ya kwanta a kai kamar an zana da hannu ɗaya. Abokiyar tawa ta dafa ni ta ce a gidajen Masar ma haka abin yake, har ta tuna mini cewa a 1999 masanan Faransa sun haska kwallin zamanin Fir'auna da irin wannan haske a Giranobul, suka ga galina a ciki, da wasu sinadaran dalma da mutanen wancan zamanin suka haɗa da hannunsu. Na san galina ba ta kai farar dalma irin ta Bagega narkewa ba. Amma jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Ƙasar ƙauyukan kuwa layukanta sun fito a cakuɗe, aikin watanni ne kafin mu warware su.

A ɗakin shan shayi na fi jin tarihin wurin. Ƙasashe takwas ne suka haɗa kai a kansa ƙarƙashin inuwar UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya: Jodan, Masar, Turkiyya, Saifurus, Iran, Pakistan, Isra'ila da Falasɗinu. Wasunsu ko ofishin jakadanci ba su da shi a tsakaninsu, amma wakilansu na zama teburi ɗaya. Injinan da ke fara tunkuɗa lantarkin daga wata tsohuwar na'urar Balin aka kwanto su, Jamus ta ba da kyauta. A Disambar 2013 dusar ƙanƙara ta danne rufin ginin ya rufta, aka sake ɗagawa, sai ranar 16 ga Mayun 2017 Sarki Abdallah na Biyu ya buɗe shi. Kuɗin wuta ya so ya durƙusar da su, shi ya sa tun 2019 suka koma dogaro da tashar hasken rana, abin da babu wata babbar na'ura irinta a duniya da ta riga su yi. Wannan ya taɓa ni sosai, don rana ba ta fi yi musu ba. Yanzu a ɗaki ɗaya wani na nazarin sinadaran batir, a na kusa wata na duba tsohon ƙashi da tawadar tsofaffin littattafai, a sabon ɗakin da aka buɗe a 2023 kuma ana leƙa cikin dutse ko tukunya ba tare da an fasa ba.

Afirka kaf ba mu da irin wannan na'ura ko ɗaya. Taron farko na neman a gina mana namu, a 2015, a Faransa aka yi shi. Ni dai a ganina ba sai mun jira ginin ba: ɗalibanmu na Zariya da Kano da Sakkwato su koyi rubuta takardar neman gurbi, su je, su dawo da hannu a kan aikin.

Daren ƙarshe direbanmu ya kai mu Salt muka ci mansaf, shinkafa da naman rago da romon busasshen nono, muka ci da hannu a faranti ɗaya.

Da na dawo Gusau na tarar matar yayana ta haihu. Na durƙusa gaban Inna na nuna mata layukan biyu a waya, na yi mata bayani iya iyawata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mu dai da shi aka raine mu." Na ce, "Haka ne, Inna. Jaririn kawai nake roƙar miki." Ba ta ce komai ba. Ranar suna da safe na ga ta zizara wa kanta, ta mayar da tandun cikin adaka, sannan ta ce a miƙo mata yaron.